Shaye-shaye: An Horar Da Mai Kamawa, Wa Ya Horar Da Malamin Asibiti?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan'uwan da suka ce data ba ta isarsu su saurari murya. Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don shi ne ya sa na zauna na bi diddigin maganar.

Ina da wani ɗan baffana, ba zan kama sunansa ba. Yana kabu-kabu tsakanin ƙauyenmu da Tambuwal, da rani kuma yana aikin ƙodago a fadama. Shekara uku da suka wuce, yana cikin dashen albasa sai ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Aka kwashe shi zuwa wani ƙaramin asibiti. Aka ce maleriya ce ta hau masa kai, aka yi ƙarin ruwa da allura, aka sallame shi. Bayan wata guda ya sake faɗuwa, wannan karon aka ce taifot. Da ya faɗi na uku, gwaggonmu ta ce, "Wanga ba ciwon asibiti na ba, iskoki na." Aka shiga hayaƙi da rubutu, baffa ya sayar da tumaki biyu.

A faɗuwa ta huɗu muka kai shi wani asibitin. Wata nas ta dube shi, ta ce duk mu fita, har baffa, ta turo ƙofa. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta harare shi ba. Cewa ta yi, "Ƙanena, aikinka da wahala, kuma da yawa masu irin aikinga suna shan wani abu don su jure. Kai mi kaka sha in gajiya ta yi maka yawa?" Ya yi shiru, can ya ce tiramol. Ta ce wane iri, guda nawa? Ya ce mai 225, uku ko huɗu a wuni. Nan aka gano ciwon. Tiramol idan ya yi yawa a jiki yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wannan sanannen abu ne a likitance.

Da na je yi mata godiya sai na tambaye ta yadda aka yi ta gane. Ta ce ta taɓa samun wata bita ta 'yan kwanaki, inda aka koya musu yadda ake wannan tambayar. Abin ya tsaya mini a rai. Ma'aikatan da suka fara duba shi sun yi iya ƙoƙarinsu, abin da aka koya musu shi suka nema a jikinsa. To me ya sa tambayar da ba ta kai minti biyar ba ta zama sai an yi sa'a? Da na bi tarihi sai na ga sama da shekara 100 hukuma na horar da mai kamawa da mai hukunci da mai tsarewa. Malamin asibiti kuwa, wanda shi ke fara ganin mai shaye-shaye tun abin bai yi nisa ba, shi aka bari a baya.

Mu fara daga 1890. A wannan shekarar ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Brussels na Beljiyam, wadda cikin abin da ta ƙunsa akwai hana shigar da barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin yankunan haramci, Sakkwato kuma ta shiga wannan tsari bayan Turawan Ingila sun ci ta a watan Maris 1903. A daidai lokacin, a Kudu, gwamnatin mulkin mallaka na samun kuɗi masu yawa daga harajin barasar da ake saukewa a tashoshin jirgin ruwa. Kun ga ke nan tun farko maganar giya ta shiga littafin kwastan da na mai tsaron iyaka. Mashayin kansa, da hantarsa da iyalinsa, ba ya cikin lissafin.

Wanda kuwa abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, dokar mahaukata ta 1916 ce ke jiransa, wadda aka sake tsarawa a 1958. Aikinta shi ne ba da ikon tsare mutum, kuma a Arewa da yawa a gidajen yarin En'e suka ƙare. Wannan tsohuwar doka ita ce a kan littafi har farkon 2023, lokacin da aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Wato iyayenmu da mu kanmu duk a ƙarƙashinta muka tashi.

Dokokin ƙwaya ma haka suka jeru. A 1935 Turawa suka yi dokar magunguna masu haɗari. A 1966 gwamnatin soja ta fitar da dokar tabar wiwi, mai nomanta yana iya fuskantar kisa, mai shanta kuma ɗaurin shekara 10. A 1984 aka yi doka ta 20 da ta tanadi kisa ga masu safarar hodar ibilis, har aka harbe mutum uku a Kirikiri da ke Legas a watan Afrilu 1985. A Disamba 1989 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NDLEA. A 2000 kuma Jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen aiwatar da Shari'a, aka hana sayar da giya da shanta.

Kada a fahimce ni baibai. Doka tana da aikinta, dillalin da ke sayar wa yaro ɗan shekara 15 ƙwaya ya cancanci kamu. Abin da nake so ku lura da shi, duk lokacin da aka toshe ƙofa ɗaya kasuwar sai ta buɗe wata. A shekarun 1970 likitoci sun rubuta yadda leburori da manoma da direbobin Arewa ke shan ƙwayar amfetamin don su jure aiki. Bayanta muka ga sholisho, ezol, D5, roci, kodin, tiramol. Ku dubi jerin da kyau. Ban da sholisho, duk sauran magungunan asibiti ne. Ezol na masu ciwon rawar jiki ne da masu shan wasu magungunan taɓin hankali, D5 na kwantar da jijjiga da sa barci ne, kodin na tari da raɗaɗi, tiramol na raɗaɗi. Matsalar ta baro bakin iyaka ta shigo cikin kemis da ɗakin magani, amma horon bai biyo ta ba.

Akwai likitocin da suka hango haka da wuri. A 1954, a asibitin Aro da ke Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, ya fito da tsarin da ya yi suna a duniya. Maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A 1964 abokin aikinsa Tolani Asuni ya yi rubutu kan tabar wiwi a Najeriya, a 1965 Lambo ya yi nasa kan jarabar ƙwaya a Afirka ta Yamma, dukansu suna kallon abin a matsayin ciwo mai buƙatar magani. A 1983 asibitin Aro ya buɗe sashe na musamman don jinyar masu shaye-shaye da koyarwa da bincike.

Sai dai wannan ilimi ya zauna a manyan asibitoci. Mu nan Arewa muna da na Barnawa a Kaduna, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da namu na Kware. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, Kware kuma tana gaba da Sakkwato ta arewa. Mutumin Kuchi ko Margai a ƙaramar hukumar Kebbe tafiyarsa ta fi haka. Ga kuɗin mota na mutum biyu ko uku, ga kunyar a ce an kai ɗan gidan wane Kware. Shi ya sa ba a zuwa sai yaro ya fara jifa ko ya tuɓe. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ko da dukansu za su tare a Sakkwato, ba za su ga kowa ba.

Hanyar da ta rage ita ce ƙananan asibitoci. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ce a kai lafiya kusa da jama'a, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage kan kiwon lafiya a matakin farko. A 1991 Najeriya ta fitar da manufar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta ce daga yanzu wannan ma yana cikin aikin asibitin ƙauye. A takarda an gama magana. A aikace kuwa, bita da kuɗi da sa ido sun fi karkata ga rigakafin foliyo, maleriya, awon ciki da tamowa. Waɗannan duk wajibi ne, babu mai musu. Amma ma'aikaci abin da ake tambayarsa a rahoton ƙarshen wata shi yake nema a jikin majinyaci, kuma shaye-shaye ba shi ne ake tambaya ba.

Wani abin mamaki, a 1989, shekarar da aka kafa NDLEA, a ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da wasu tambayoyi 10 da ake kira AUDIT, don ma'aikacin ƙaramin asibiti ya gane mai shan giya tun kafin ta kama shi. Daga 1997 aka fara tsara wasu guda 8 masu suna ASSIST, waɗanda suka haɗa taba, giya, wiwi, abubuwan shaƙa, magungunan barci da dangin kodin da tiramol. Cikin minti 5 zuwa 10 an gama. Amsoshin su ke nuna matakin da mutum yake. Wanda haɗarinsa kaɗan ne a yi masa bayani, na tsakiya a zauna da shi a yi gajeriyar nasiha ta likita a ba shi ranar dawowa, wanda ya yi nisa a tura shi wurin ƙwararru. A 2008 WHO ta ƙaddamar da shirin mhGAP, a 2010 ta fitar da littafin jagora ga ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, da babi kan giya da ƙwaya. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka daidaita shi da yanayin Najeriya, suka gwada a Jihar Osun, inda aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kusan 200. Ƙwararru suka koyar da masu koyarwa, su kuma suka koyar da na ƙasa da su, ana bin su da ziyarar sa ido. Gwajin ya nuna ma'aikacin ƙauye zai iya idan an koya masa.

Mu a Arewa sai da abu ya fashe sannan aka farka. A ƙarshen 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, har ta yi zama na musamman a Kano a watan Disamba. A ƙarshen Afrilu 2018 BBC ta fitar da binciken da ta yi a ɓoye kan cinikin kodin, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A Janairu 2019 aka fitar da babban binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, UNODC. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. A Arewa maso Yamma kashi 12 cikin 100 ne, kusan mutum miliyan 3. Cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka fi shiga haɗari sun ce suna son magani amma ba su samu ba.

To ina iyaye ke kai 'ya'yansu in babu magani? A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. A Oktoba aka buɗe wani a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye. Uban da ya yi haka so yake ɗansa ya warke, amma duk hanyar da aka taɓa nuna masa ta tsarewa ce, tun daga 1916.

An samu ci gaba a 'yan shekarun nan, a faɗi gaskiya. Wani shiri da Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa, UNODC ta gudanar, ya horar da likitoci da nas-nas da masu ba da shawara kan jinyar shaye-shaye a sassan ƙasar nan. NDLEA ma, ƙarƙashin Janar Buba Marwa da ya karɓi ragama a Janairu 2021, ta buɗe layin kira kyauta a 2022 don masu neman taimako, 0800 1020 3040. Amma har yanzu horon ya fi yawa a birane. Nas ɗin da ta ceci ɗan baffana dace muka yi da ita.

Me ake nufi da a ce ma'aikaci ya iya ganewa? Ba duba ba ne, alamomi ne da ake koya. Saurayin da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara faɗuwa, a tambaye shi tiramol. NAFDAC ta amince da mai 50 da mai 100 ne kawai, na titi kuwa ana samun 120, 200, 225 har 250. Wanda aka kawo a sume, numfashi na fita da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, wannan alamar dangin kodin ne sun yi yawa, kuma akwai allurar nalokson da ke iya dawo da numfashinsa cikin mintuna idan tana cikin akwatin magani. Mai gyambo da taurin nama a cinya da dantse, a tuna da allurar penta, wadda sau da yawa daga ciwon sikila ko bayan tiyata ake fara ta, a hannun ma'aikacin lafiya. Wanda ya daɗe yana shan D5, idan aka yanke masa rana ɗaya zai iya jijjiga, a hankali ake rage masa. Magidancin da aka kwantar don karaya, bayan kwana biyu ko uku ya kama rawar jiki da gumi da sambatu, yana iya zama rashin giyar da ya saba sha a ɓoye ne, kuma hakan na kisa in ba a gane ba. Mu da muke cewa ai garinmu ba a shan giya, mu ne muka fi buƙatar sanin wannan, don mashayinmu ya fi kowa ɓoyewa. Matar da ta zo awon ciki ma tana da haƙƙin a tambaye ta cikin sirri da mutunci.

Na san wasu ma'aikatan lafiya da ke bin wannan shiri za su ce, "Malam, ni kaɗai ne a asibitinmu, ni ne mai awo, ni ne mai allura, ni ne mai rajista, yaushe zan zauna hira?" Gaskiyarku ce. Bita ta kwana uku a otal, a raba takarda a watse, ba ta canza komai idan babu mai zagayowa ya duba, babu magani, babu wurin turawa. Akwai kuma maganar amana. Ranar da matasa suka ji cewa abin da suka faɗa a asibiti ya isa kunnen uba ko mai unguwa ko jami'in tsaro, an rufe wannan ƙofar ke nan. Don haka riƙon sirri yana cikin abin da za a koyar.

Ga abin da nake ganin mu matasan Tambuwal da Kebbe ya kamata mu nema. Muna da kwalejin kiwon lafiya a Gwadabawa, muna da makarantar jinya da ungozoma a nan Tambuwal, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mu nemi kowane ɗalibi ya gwada wannan tambayar a aikace, da Hausarmu, kafin ya karɓi takardar gamawa. Mu nemi shugabannin ƙananan hukumominmu su ɗauki nauyin horar da aƙalla mutum ɗaya a kowane ƙaramin asibiti, daga Dogon Daji da Sanyinna da Jabo har Kuchi, da lambar wani ƙwararre a Kware da zai iya kira. A haɗa da masu kemis, don su ne asibitin farko na talaka. A gayyato malamanmu masu ruƙiyya su ma, kamar yadda Lambo ya yi da masu maganin ƙasarsu. Addu'a da magani ba su taɓa zama abokan gaba a ƙasar nan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da basir. Malamin da ya san alamar tiramol zai yi wa yaro addu'a, sannan ya ce wa ubansa a wuce asibiti.

Ɗan baffana dai an rage masa ƙwayar a hankali, an tura shi Kware yana zuwa ganin likita yana dawowa gida. Ya taɓa komawa sha da wata damina da aiki ya yi yawa, shi da kansa ya koma wurin nas ɗin ya faɗa mata, saboda ya san ba za ta tona masa asiri ba. Yanzu ya fi shekara bai faɗi ba, yana kan babur ɗinsa. Baffa har yau yana tuna tumakinsa biyu.

In kai ma'aikacin lafiya ne, gwada tambayar a wannan mako, bayan ka fitar da 'yan rakiya. In kuma kai ne ɗan rakiyar aka ce ka fita, kada ka yi fushi. Allah Ya shirya mu da ƙannenmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.